Agwagwar da Na Harba a Shagon Baffa Lawal

Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini wayo ba. Wannan magana na faɗe ta a majalisa, na faɗe ta a gidan biki, har gaban surukaina na faɗe ta ban ƙifta ido ba. Ni ne fa yaron da, a ƙarshen daminar shekarar da na gama aji biyu na sakandare, ya sauka daga motar Kusada a tashar Kankia ɗauke da kwandon kurciyoyi, har direba na cewa sai na biya masu kuɗin kujera. An sha ruwa da safiyar ranar, ƙafafuna duk taɓo, wandon makarantar da na tafi da shi ya koma kalar kunun kanwa, amma yaran unguwa suka raka ni har ƙofar gida suna kirana Sarkin Tarko. Ina tafe ina ɗaga masu hannu kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Hutun na yi shi ne a Mawashi, wurin kakata Inna Kulu. Aikina jiran gero. Da mun sha ɗumamen tuwo sai in hau rumfar da aka kafa tsakiyar gona, in riƙa jan igiyar da aka rataya wa tsofaffin gwangwanaye, tsuntsaye na tashi suna zagina da yarensu. Da yamma in yanko wa tumaki ciyawa, in ɗebo ruwa, in an samu sarari a yi langa a bakin rijiya har wani ya fasa gwiwa. Amma sana'ar da na ƙware a kanta ita ce asuta, wato tarkon gashin wutsiyar doki. Sai in lallaɓa in tsinko gashin daga dokin wani maƙwabcinmu, dokin da har yau nake zaton ya riƙe ni a zuci, in yi zarge, in kafa a ƙasa, in rufe da rairayi, in watsa tsaba a kai. Sirrin kuwa shi ne in ɗaure kurciya guda a gefe tana ci. 'Yan'uwanta na ganin tasu a wurin sai su saki jiki su sauko. Inna Kulu kan dube ni ina fige su ta ce, "Tsabar da ka gani a fili, duba abin da ke ƙarƙashinta." Ni a lokacin na ɗauka da tsuntsaye take.

Da na dawo gida sai na tarar an yi sabon abu. Ƙanin mahaifina, Baffa Lawal, wanda ya gama karatu ya daɗe yana zaman jiran aiki, ya share ɗakin awakin da ke jikin zaurenmu, ya shafe shi da farar ƙasa, ya huda ƙofa ta waje, ya sa kwamfuta guda ɗaya da ɗan injin wuta, ga wani faranti bisa rufi yana kallon sama. Wai intanet ke nan. Ma'aikatan ƙaramar hukuma na zuwa a buga masu takardu, 'yan makaranta na zuwa neman gurbin karatu, sauran jama'a kuma na zuwa leƙe ta taga kyauta.

Baba bai so ba. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin da ba ya sayen buhu sai ya cusa hannu har gindinsa. Ko gaisuwa aka yi masa da fara'ar da ta wuce kima, sai ya shafa aljihu. Ya ce akwatin da ke kawo maganar mutanen da ba ka san iyayensu ba, bai ga dalilin ba shi masauki a gidansa ba. Da ƙyar dattawa suka sa baki ya bari, bisa sharaɗi guda: ranar da ya ga abin kunya a cikin akwatin, ranar awaki za su koma ɗakinsu. Baffa kuwa ba ya da wani abu a duniya sai wannan shago. Da shi ya fara ɗinka riga da guminsa, da shi kuma ake sa ran zai yi aure.

Saboda haka ya kafa mini dokoki tun ranar da ya ba ni tsintsiya. Kada in taɓa duk abin da ke ƙyaftawa. Kada in buɗe wasiƙar wanda ba mu sani ba. Kada in rubuta adireshinsa na imel a ko'ina, ko da kwamfutar ta durƙusa ta roƙe ni. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Sarkin Tarko yake magana da shi.

Wata rana da hantsi mai ya kusa ƙarewa a inji, Baffa ya ɗauki galan ya nufi bakin titi, ya bar ni da kwamfuta a kunne. Ina goge tebur sai na ga wani abu na wucewa a saman allon. Agwagwa ce, rawaya, tana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan tana karkaɗa gindi. A ƙarƙashinta an zana wayar hannu, irin wadda a duk unguwarmu mutum ɗaya ke da ita, shi ma sai ya hau tudu yake magana. Turancina na lokacin bai taka kara ya karya ba, amma na gane kalmar harbi, na gane kalmar kyauta. Na tsaya na yi nazari, don ni ba a gaggauta ni. Na ce Baffa ya hana ni taɓa abin da ke ƙyaftawa, wannan kuwa tafiya take. Sannan a ce tsuntsu ya gitta gaban Sarkin Tarko ya wuce lafiya? Na kama linzamin kwamfutar, na saita, na danna. Harbi ɗaya ta faɗi.

Allo ya cika da taurari. Aka taya ni murna da manyan baƙaƙe, aka ce in rubuta adireshin da za a sanar da ni zuwan kayana. Na leƙa waje na kwafo na Baffa daga jikin allon shago, harafi bayan harafi, don ni ba na aikin ganganci. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayar ko na yarda, na ce na yarda. Wani ya sake fitowa, shi ma na yarda. Kafin Baffa ya dawo na rufe komai na ci gaba da shara. Ban gaya masa ba, so nake ranar da wayar ta iso in ajiye masa ita bisa tebur in ga yadda bakinsa zai buɗe. Amma na gaya wa yayata Hajara, na gaya wa yaran unguwa, na kuma fara zuwa tasha kullum ina tambayar direbobin Kano ko an ba su saƙona, ni Bala.

Cikin 'yan kwanaki kwamfuta ta kamu da ciwo. Ana cikin buga takarda sai talla ta faɗo, a rufe ta biyu su fito, a rufe biyun su dawo da danginsu, kamar fari sun sauka a gona. Wasiƙu suka yi ta zuba. Matan manyan mutanen da suka mutu a ƙasashen da ba mu taɓa ji ba, duk sun rasa amintacce a duniya sai Baffa Lawal na Kankia. Masu maganin ƙiba da masu maganin rama suka haɗu a kansa rana ɗaya. Har wani abokinsa ya aiko daga Kaduna yana tambayar dalilin da ya sa Baffa ke turo masa wasiƙa yana roƙonsa ya harbi tsuntsu, alhali Baffa bai rubuta wa kowa komai ba. An mayar da Baffa kurciyar da ake ɗaurewa a gefe.

Shago ya koma gidan zargi. Baffa ya riƙa tsayawa a bayan duk wanda ya zauna, yana kallon yatsunsa. Ya zargi wani matashin malamin firamare mai daɗewa a kujera, ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Ya zargi injin, ya zargi farantin. Ni ma na taya shi zargi, har na ba shi sunayen mutum biyu da ban yarda da idanunsu ba. Wallahi ko a mafarki ban haɗa agwagwata da wannan annoba ba.

Sai sakamakon jarrabawar su Hajara ya fito. Baba, wanda bai taɓa taka shagon ba, ya ce ba zai yarda da takardar da wani ya kawo masa ba, da idonsa zai gani. Ya shigo da babbar riga, Hajara na bayansa, ni ina bakin ƙofa. Baffa ya shiga buga lambobinta. Sunanta ya fara bayyana ke nan, sai wani hoto ya faɗo ya rufe shi ruf: wata baturiya da ko ɗankwalin kirki ba za a ɗinka da abin da ke jikinta ba. Baffa ya danna ta tafi, ta dawo da ƙawayenta. Ya tare allon da hularsa, hular ba ta kai ba. Hajara ta ja mayafi ta yi waje.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lawal, ashe aikin da kake yi ke nan in ka turo ƙofa. Kashe injin. Gobe awaki su dawo."

Baffa ya yi ta rantsuwa, Baba ko kallonsa bai yi ba. Sai muryar Hajara ta fito daga zaure, a hankali: "Baba, a tambayi Bala. Tun ranar da ya harbi agwagwa a ciki abin ya lalace."

Baba ya juyo. "Wace agwagwa?"

Ni kuwa, da yake har lokacin ina ganin bajinta na yi, sai na gyara tsayuwa na ba da labari tiryan-tiryan, har da yadda na saita. Ina cikin bayani na ga Baffa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni wane ne mai agwagwar, na ce ban sani ba. Ɗan wane gari ne, ban sani ba. Me na taɓa yi masa da zai ba ni waya, na shiga sosa ƙeya. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wa Baffa ya tashi daga ƙasa.

Awaki ba su dawo ba. An kai kwamfutar Katsina aka wanke cikinta tas, takardun mutane da yawa suka tafi tare da dattin, Baffa ya yi makonni yana sake bugawa yana ba da haƙuri, ya kuma je har gida ya nemi gafarar malamin nan. Baba ya sa aka juya teburin, allon ya koma kallon ƙofa, duk mai wucewa na ganin abin da ake yi. Ni aka mayar da ni Mawashi yankan gero.

Yau agwagwar ta bar shago ta shigo aljihun kowa. Gari ba ya wayewa sai an ce na ci kyauta, ko a turo mini shafi da sunan wani aminina a ce in danna maza kafin a rufe. Nakan kira aminin in ji daga bakinsa, in kuma yi wa saƙon tambayoyin nan uku na Baba. 'Ya'yana na cewa na cika zargi. Ba su san zamanin da allo ɗaya ne a unguwa, yana kallon ƙofa, da dattijo a zaure mai cusa hannu har gindin buhu ba. Ina kewar wannan zauren.

Ranar da zan koma ƙauye, Baba da kansa ya raka ni tasha. Na shiga mota, ya miƙo mini kwandona ta taga, ya ce, "Ka gaida kurciyoyin Mawashi, Sarkin Tarko. Sun fi ka wayo. Su ko ba komai suna cin tsabar kafin a kama su."