Shekarar da Aka Ba Yaya Bulala

Yayarmu ta shiga firamare tana da shekara tara, don sai da ta raine ni da ƙanina muka yi ƙafa sannan Umma ta sake ta. Shi ya sa ta fi kowa girma a ajinsu. Ga tsawo, ga faɗin kafaɗa, amma ba ta da faɗa ko kaɗan. Kyankyaso ma in ta gani a ɗaki, da tsintsiya take lallaɓa shi ya fita.

Ina aji uku, tana aji shida, aka naɗa ta shugabar ɗalibai. A layin safe aka yi abin. Hedimasta ya maƙala mata bajo a ƙirji, ya karanta aikinta: ita ce mai kaɗa ƙararrawa, ita ce mai rufe ƙofa ƙarfe bakwai da rabi, ita ce mai duba farce da kayan makaranta. Ƙararrawar tamu tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a bishiya, ana dukansa da guntun rodi. Bayan rodin, sai malamin horo ya miƙa mata guntun tiyo baƙi, mai tsawon hannu.

Ranar Yaya har rawa ta yi a tsakar gida. Baba, wanda kafinta ne, ya ajiye zartonsa ya rusuna mata. "Ranki ya daɗe, ashe gwamna muke kwana da ita ba mu sani ba."

Malamin horon nan Malam Goma muke ce masa, don bai taɓa yi wa yaro bulala ƙasa da goma ba. A satin farko Yaya ba ta doki kowa ba. In 'yan latti suka taru, sai ta buɗe ƙofa ta ce su ruga aji. Ranar Litinin ta biyu ya laɓe bayan ofis ya ƙirga waɗanda ta saki. Su ashirin da uku ne.

Ya sa aka fito da makarantar gaba ɗaya. Ya kwantar da ita a kan benci, maza huɗu suka danne ta.

"Duk wanda kika ƙi duka, ke za ki karɓi nasa," in ji shi.

Ina layin gaba, ina jin ƙarar kowace bulala. A ta sha biyar siket ɗinta ya yage. A ta ashirin ta daina ihu. Da ya gama ya ɗauki tiyon daga ƙasa ya sake danƙa mata a hannu, ya ce ta je ta kaɗa ƙararrawa.

Washegari wata Yaya ce daban ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta magana, ba ta kallon fuska. Miƙo hannu, tau, tau, tau, wuce. Wanda ya janye hannu, a ƙafa ko a baya zai sha. Kafin wata ya ƙare yara sun sa mata suna Soja. Ni kaina ban tsira ba. Ranar da igiyar takalmina ta tsinke na makara, ta yi mini biyar maimakon uku, don kada a ce ta yi son kai. Da muka koma gida ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana gasa mini tafin hannu.

"Yaya, ai kin san takalmina ne."

"Na sani. Gobe ki taho ba takalmi."

Iyaye suka fara zuwa gidanmu. Wata mata ta jawo ɗanta da kunne a kumbure, ta tsaya a ƙofa tana zagin Umma har maƙwabta suka fito. Wata rana bayan an tashi, maza biyar na ajinsu suka tare ta a lungun bayan katanga. Dutse na farko ya fasa mata leɓe, ya karya haƙorin gaba. Ta tofar da jini ta yi kansu. Uku suka gudu. Biyun da ta kama ta dinga gwara kawunansu har wani mai shago ya zo ya ɓanɓare su daga hannunta. Da Malam Goma ya ji labari, dariya ya yi, ya ce yanzu ta san aikinta.

Saura wata ɗaya su rubuta jarrabawar fita abin ya faru. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu, siririya, mai ciwon sikila, kowa ya san ta da yawan fashin makaranta. Ran nan ta zo ƙarfe tara, tana jan ƙafa. Yaya ta duba hagu da dama, ta buɗe mata ƙofa. Malam Goma ya gani ta taga.

Wannan karon bai kwantar da Yaya ba. Ya sa aka fito da mu, ya ce ta goya yarinyar, ta riƙe hannayenta ta gaba, shi zai yi dukan.

"Malam, ba ta da lafiya. A yi mini nata."

"Goya ta na ce."

"Malam, don Allah."

Ya zabga mata mari. Ta goya ta.

Yarinyar ta yi ƙara a bulala ta farko da ta biyu da ta uku. A ta biyar kanta ya langwaɓe a kafaɗar Yaya. Muka ga fitsari yana bin ƙafafun Yaya har ƙasa. Shi kuwa bai tsaya ba, ya ɗaga hannu zai yi ta shida.

Yaya ta juya, bulalar ta sauka a wuyanta. Ta durƙusa ta kwantar da yarinyar a hankali. Rodin ƙararrawa yana jingine da bishiya, taku biyu daga inda take. Ta ɗauke shi da hannu biyu. Malam Goma ya kare fuskarsa, ƙarfen ya same shi a tsintsiyar hannu, duk muka ji ƙashin ya ce ƙas. Ya faɗi yana kururuwa. Ta ƙara masa a gwiwa. Ta ɗaga na uku tana saitin kansa, mai gadi ya rungume ta ta baya, suka zube tare. Sai da malamai uku suka taru kafin a ƙwace rodin.

A mota ɗaya aka kai malamin da yarinyar asibiti. Yarinyar ta yi kwana tara a kwance, ta tashi, iyayenta suka canza mata makaranta. Shi kuma bayan an cire masa filasta aka mayar da shi wata makarantar. Yaya aka kora. Baba ya je ofishin Hedimasta sau huɗu yana roƙon a bar ta ta zauna jarrabawa kawai, ko a baranda ne.

"Ranka ya daɗe, ku kuka sa mata abin duka a hannu."

Hedimasta ya ce, "Yara muka ce ta doka."

Karatun Yaya ke nan. Ta yi shekara biyu tana taya Baba goge katako, sannan ta samu aiki a wani kamfanin sabulu, wajen shirya kaya a kwali. Shekararta ashirin da shida ke nan a can. Sau uku ana ce mata ta zama shugabar sashensu, sau uku tana cewa a ba wata.

Ta auri wani direba mai yawan barkwanci, 'ya'yansu huɗu, duk ƙiriniya gare su. In suka kai ta bango ba ta tsawa. Sai ta tattara duk tufafin da hannunta ya kai, masu datti da wankakku, ta zauna gaban baho ta yi ta cuɗa har sai numfashinta ya dawo daidai. Makon jiya na je gidan na tarar da mijin yana ɗaga wata rigarsa sabuwa, hannun ya rabu da jiki.

"Wa ya ɓata miki rai yau kuma?"

"Autanka ne, ya zuba manja a katifa."

Ya juya rigar yana dubawa. "To don Allah gobe ki fara da kayansa."