Gwaggo ta koma bakin turmi

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da innata, za mu Sukukutane duba Gwaggo, wadda aka cire wa mama ɗaya a Yamai saboda ciwon daji. Motar da muka shiga ina jin ta girmi kakana. Muna barin kwalta muka faɗa rairayi, ta dinga tari tana kafewa. Rabin hanya ita ta ɗauke mu, rabi mu muka ɗauke ta. Wani rago da aka ɗaure a bayana ya cinye mini gefen mayafi, mai shi ya ce in yi haƙuri, bai karya kumallo ba. Inda muka tsaya shan ruwa na ci kopto, kwaɗon ganye mai yaji, har na ga taurari da rana tsaka.

Ni dai son gani ya kai ni. Kowa cewa yake Gwaggo ta warke, to me ya sa aka daina labarin lugudenta? Matar da ke jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe!

Muka tarar da ita kan tabarma, hannun dama ya kumbura suntum, ba ya ɗaguwa ya kai kafaɗa. Ko kallabi sai an ɗaura mata. Ta ce a Yamai an gaya mata ta riƙa motsa shi, har akwai mai koyar da yadda ake yi, amma nan wa zai nuna mata? Matan gari kuwa tausayi ya sa sun hana ta ɗaga ko tsinke. Su kwashe hatsinta su dake, su kawo mata fura har ɗaki, su koma gindin gawo suna hira, ita tana nan tana gadin ƙudaje.

Na ce, "Gwaggo, yana ciwo?"

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, bakinki ba ya hutawa? Ciwon da sauƙi. Zaman nan ke kashe ni."

Da la'asar ta ji ƙarar turame, ta miƙe, ta ɗauki taɓaryar wasan yara. Na bi ta kamar jela har inda mata ke daka.

Maƙwabciyarta ta ce, "Haba Yaya, koma ki kwanta!"

Gwaggo ta ce, "Mama aka yanke mini, ba ku aka yanke mini ba. Matsa."

Ta tallabe hannun dama da na hagu ta kai bugu. Wallahi hatsin bai san an taɓa shi ba. Sai wata tsohuwa ta rage sauri ta daidaita bugunta da na Gwaggo, sauran suka bi. Ban taɓa jin lugude mai nawa kamar wannan ba, kuma ba wadda ta ce a ƙara sauri.

Washegari muka dawo Dutsi, rairayi har cikin kunnena. Na gane cewa sallamar likita daban, warkewa daban. In na sake zuwa dubiya, sai na tambayi mai jinya abin da yake so kafin in karɓe masa aikinsa.