Labo Mai Gadi da Akunsa

Shekara ashirin da bakwai Labo ya yi yana gadin ƙofar kamfanin siminti a Malbaza, kuma duk wanda ya san shi zai shaida abu guda: ba a taɓa kiran sunansa sau biyu ba. Direba ya leƙo ta taga ya ce "Labo", kafin ya rufe baki an ce "Na'am". Da ya ajiye aiki ya koma gida Dogarawa, sai kira ya ɗauke. Matarsa Mariyama ba ta faɗin sunansa, 'ya'ya sun watse, maƙwabta Baba suke ce masa.

Wani direba ne ya bar masa aku, toka-toka mai jan wutsiya, a matsayin kyautar rabuwa. A bakin direbobin akun ya koyi sallama da sunan Labo. Shekara uku suna zaune lafiya, ana ba shi gyaɗa, ana shafa masa baya, in ya kira a amsa.

A shekara ta huɗu, da bazara, akun ya birkice. Da Labo ya ɓace masa da gani, ko ban ɗaki ya zaga, sai ya kwarara sallama, ya bi ta da ihu kamar ana jan ƙarfe a kan kwalta. Labo ya amsa daga inda yake, ya dawo yana ɗaure wando. Akun ya yi shiru, har sai an sake tashi.

Mariyama ba mai dogon zance ba ce. Ta ce, "Malam, ɗiyarka Bushira na tahowa wankan jego nan da sati ukku. Jinjiri ba ya kwana cikin wanga ihu. Ko tsuntsun ga shi yi shiru, ko shi bar gidan ga."

Labo ya hau mota zuwa Konni, keji a cinya, ya sami Muttaƙa, ma'aikacin dabbobi. Muttaƙa ya duba tsuntsun, ya yi 'yan tambayoyi, ya ce, "Baba, lahiyatai lau. Lokacin neman mace na ya zo mai, kuma kai ya ɗauka matatai."

Labo bai ji daɗin wannan bayani ba, amma ya saurara. A rage gyaɗa, a daina shafar baya, a rufe kejin da zane tun magariba. Babban sharaɗi kuwa, in ya yi ihu kada a amsa, kada ma a waiwaya. Sai ya yi shiru a je wurinsa.

"To in ya yi sallama hwa?"

"Ko ya yi sallama, Baba."

A nan gizo ke saƙa. Mutumin da bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, yau an ce ya toshe kunne. Bayan la'asar ya tare liman, ya tambaya ko amsa sallamar tsuntsu wajibi ce. Liman ya daɗe yana kallonsa, ya ce ba wajibi ba ce. Labo ya so a ce masa wajibi ce.

Kwanakin farko ya yi ha'inci. Yana juya wa kejin baya, amma leɓensa na motsi, ko ya yi gyaran murya. Akun ba wawa ba ne, ya karɓi gyaran muryar a matsayin amsa. Mariyama ta kama su rana ta biyar, sai ta fara tambayar mata wa ke son aku.

Daga ranar Labo ya daure. Yakan zauna a zaure, yana jin sunansa na tsage gari, hannuwansa damƙe da gwiwoyi, zufa na zuba. Ya taɓa cire haƙori ba allura, bai ji zafi haka ba. Ihun ya ƙaru kwana huɗu, sannan ya fara raguwa. Ranar da Bushira ta sauka da jaririnta, akun na kan sandarsa yana tsince gashi, ko tari bai yi ba.

An bar shi a gidan. Yana cin dawarsa, yana fito, wani lokaci ya kwaikwayi kukan jaririn a hankali. Sai dai tare da ihun ya bar sallama, ya bar kiran suna. Labo ya fita, ya dawo, ya sake fita da gangan ya laɓe bayan danga. Shiru.

Abin ya ci masa rai, bai kuma san wa zai kai wa ƙara ba. Da hantsi ya tsaya kan Mariyama tana hura wutar ruwan wanka, ya ce, "Ya daina kirana."

Ba ta ɗago ba. "Ai abin da anka so ke nan, Malam."

"Shi ke nan," in ji Labo. Ya ja tabarmarsa kusa da kejin, ya zauna yana jira.