Kufan Tauraro

Shekarar da aka kawo ni gidan miji a Kazaure, kuɗin man fetur sun fara shigowa gari, maigidana ya sayo rediyo kafin ya koma bakin aikinsa a kudu. Ita ce abokiyar hirata. Surukata, wadda muke kira Inna, ba ta ƙi jin labarai ba. Abin da ta tsana shi ne shuuu ɗin da ke tashi in ana murɗa neman tasha. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, ta ce a mayar da akwatin nan kanti, ba za ta zauna da abin da ke huci ba kowa a cikinsa ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ba aljanu ba ne. A sakandare malamarmu ta ce wani daga tsawa yake, wani kuma daga sama can, daga gawar tauraro."

"Gawa?" Ta janye ƙafarta daga kusa da rediyon. "Ashe kukan gawa kike kunna mana, 'yar nan. To yau za ta bar gidan."

Bakina ne ya ja mini. Na lalubo wata kalma, sai na ce, "Ku gafarce ni, kufai zan ce."

Inna ta ɗago. 'Yar rugar gefen Roni ce, ta san kufai, inda mutane suka tashi amma ƙasar ba ta daina bayarwa ba.

Na faɗa mata iyakar abin da na riƙe. Babban tauraro in wa'adinsa ya cika yakan fashe, ɓaraguzansa su yi ta bazuwa shekaru dubbai. A bakin wannan guguwar akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana bugo su gaba a maido su baya kamar masu lugude, kowane bugu gudunsu na ƙaruwa har ya kusa na haske. Sai su riƙa kewaya igiyoyin maganaɗisu yadda zare ke naɗuwa a mazari, wannan kewayawar ce ke fitar da abin da rediyo ke kamawa. A aji haddacewa kawai na yi. Sai ranar, da rariya a hannuna, na ji girman abin.

Inna ta ce, "Kukan nan, tun yaushe ya taso?"

"Tun ba a sari garin nan ba, Inna."

"Har ya iske mu a tsakar gida."

Ta jima tana jan carbi, leɓɓanta na motsi da tasbihi. Can ta ce in murɗa mata wurin. Na murɗa. Muka zauna muna sauraron shuuu, garin tuwo na jira a ƙwarya.

"Bar ta nan," in ji ta. "Amma in an kira salla ki kashe. Shi ma tauraron ya saurara."