Injin Malam Issufu Yana Tari

Duk wanda ya yi aiki a buron ƙungiyarmu ta masu lambu a Konni ya san Malam Issufu ba ya gaida mutum sai ya gaida inji. Injin da nake nufi shi ne sarba, babbar ordinatar, wato kwamfuta, da ke ɗakin baya. Ita ke riƙe da dosiyoyinmu, wato takardunmu na aiki, kuma ta cikinta kowa ke aika takarda zuwa na'urar bugawa. Tun da gara ta cinye mana kabad, takardun filayen lambu ba su da wani mazauni sai cikinta. Ni Rabi, sakatare, taubashiyarsa ce, kakarmu ɗaya, don haka ina da izinin faɗin abin da zan faɗa.

Kowace safiya tsarinsa ɗaya. Ya ɗora mata tafin hannu, ya kara kunne, ya duba allo, sa'an nan ya rubuta a kaye, littafinsa na aiki: zafinta, ƙararta, sauran wuri a diski, da yawan takardun da ke layi. Ran nan shugabanmu Alhaji Mamman ya miƙa masa hannu a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in ga babba tukuna."

Zan bi abubuwan daki-daki, domin ba na son hargitsi.

Na farko, maganar nauyi. Wata Litinin sarba ta yi sanyin jiki, dosiye ɗaya sai ka sha shayi kafin ya buɗe. Malam Issufu ya wuni yana bincike, washegari ya tashi a tsakiyar taro.

"Na gano mai cika mana diski. Wani dosiye ne mai suna Rahoton Damina."

Alhaji Mamman ya gyara hula. "Nawa ne. Aiki ne mai muhimmanci."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe, na buɗe na gani. Mai jan wando ne ya yi kaye a zagaye na biyu."

Bidiyon kokowa ne tun daga sama har ƙasa. Ni ke rubuta abin da aka faɗa a taro, kuma na rubuta.

Na biyu, kallabi. Buronmu yana bakin titi, motocin siminti daga Malbaza suna wucewa suna bar mana tsarabarsu. Malam Issufu ya ce ƙurar tana shaƙe injin, sai ya ɗaura wa tagar ɗakin wani ƙyalle mai shara-shara. Bayan kwana uku matarsa Hadiza ta zo da kanta, ta tsaya tana kallon tagar.

"Malam, wannan ba kallabina na biki ba ne?"

"Shi ne. Na gwada huɗu, shi ya fi tace iska."

"Ina sauran ukun?"

"Sun faɗi jarrabawa."

Fanka ɗaya gare mu mai lafiya, ita ma ɗakin sarba ya kai ta. Da na yi magana ya ce, "Ke Rabi, in kin yi zafi ruwa za ki sha. Ita fa?"

Na uku shi ne tari. Wata rana ya fito ya ce diski yana tari, a sayi sabo kafin ya mutu. Alhaji ya kira wani ƙwararre daga gari, ya duba allo ya ce komai kore ne, lafiya lau. Malam Issufu ya ce, "Kai allo ka tambaya, ni ita na tambaya." Aka yi dariya. Na rubuta cewa Malam Issufu ya ce inji na tari, an yi dariya, an wuce. Na ƙara masa da cewa gobe zan kawo mata zuma da citta.

Daga nan ya fito da sabuwar ɗabi'a. Kowace Alhamis da azahar sai ya hau babur da wani gwangwanin madara a jaka, ba ya dawowa sai Jumma'a. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce zumunci. Ni kuwa ba na wasa da lokacin aiki. Na buɗe takardar masu tashi kafin lokaci, kuma sunansa kaɗai ne a ciki daga farko har ƙarshe.

Zazzaɓin kwana huɗu Malam Issufu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi sadakar arba'in ba sarba ta yi wata ƙara, ta yi shiru. Ƙwararren ya dawo, ya duba, ya ce diskin ya mutu da duk abin da ke ciki. A makon ne kuma Inna Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar mata lambun albasa, ta zo neman takardar filinta, domin maƙwabcinta ya matso da iyaka cikin nata. Ta zauna a gaban teburina ta ce ba ta tashi sai da takarda. Ba ni da abin da zan ba ta.

Na shiga ɗakin baya na ɗauko kayen, na bi shi shafi-shafi. A ƙarƙashin kowace Alhamis akwai layi ɗaya: "An kai kwafi wurin kaka." Alhaji ya ce wace kaka kuma, mutumin da ya yi furfura? Ni na san ta. Ta daɗe da rasuwa, amma gidanta na Bazaga yana nan, har da tsohon rumbun da muke ɓuya a ciki muna yara.

Na je, a cikin rumbun na sami gwangwanin madara. A ciki akwai ƙaramin diski naɗe da kallabi, ɗaya daga waɗanda suka faɗi jarrabawa, da guntuwar takarda: "Rabi, na san ke za ki zo, don ke kaɗai ke karanta abu har ƙarshe. Dosiyoyi duka suna nan, ban da kokowar Alhaji. Ki goge sunana daga takardarki."

Inna Tasalla ta karɓi takardarta, iyaka ta koma inda take. Sunansa kuwa ban goge ba, domin ba na goge abin da na rubuta. Na dai ƙara layi ɗaya a ƙasa: yana bakin aiki.

Allah ya jiƙan ɗan'uwana Issufu, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya bar wa inji fanka ya zauna cikin zafi. Allah ya tsare masa iyalinsa yadda ya tsare amanar mutane. Amin.