Baba ya daina tambayata kalmomin Turanci

"Harafi biyar, ta fara da B, ta ƙare da K, ruwa ne mai gudu."

Abin da na ji Baba yana faɗa ke nan da na shiga gidanmu na Ƙofar Gayan jiya da hantsi. Tun da ya yi ritaya, kullum sai ya cike wasan kalmomin bayan jarida, kuma ni yake tambaya, tunda ni na karanta Turanci a jami'a.

Zan ba shi amsa ke nan, sai na ga ba ni yake kallo ba. Ƙanwata Bilkisu ce zaune a gefensa. Ta shigar da haruffan a wani shafi cikin wayarta, ta ce, "Brook ce, Baba. Ƙorama ke nan."

Baba ya washe baki. "Allah ya yi miki albarka, malamata."

Malamata! Shekara nawa ina ba shi amsa, bai taɓa ce mini malam ba.

Na ce, "Baba, ai waya ce ke nemo mata. Ni daga kaina nake kawowa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Na sani. Amma kai daga bakin ƙofa kake jefo mini kalma ka wuce. Ita zama take yi ta gaya mini ma'anar, mu yi hira."

Har yanzu haushi nake ji, kuma na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Jama'a, yaushe rabonku da zama wurin mahaifanku ba cikin sauri ba?