Akushin Mutumin Gwanja

Wannan al'amari ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Tun ina ƙaramin malami ake gaya mini cewa wanda aka tsallaka teku da shi a zamanin cinikin bayi, ba a sake jin ɗuriyar zuriyarsa. Malamaina sun faɗa, abokan aikina sun maimaita, har marigayiya uwargidana ta ce in daina wahalar da kaina. Ni kuwa na ce in Allah ya nufa za a same su, kuma ta hannuna.

Mu gidan fatake ne. Ƙanin kakan kakanmu ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, bai dawo ba. Waɗanda suka tsira suka kawo labari cewa mahara sun tare su, an ɗaure shi an gangara da shi bakin ruwa, inda jiragen Turawa ke jira. Mahaifiyarsa ta ƙi karɓar gaisuwa, ta ce ba a yi wa mai rai ta'aziyya. Daga nan gidanmu ya sauya. Aka bar fataucin kudu, arziki ya ja baya, aka daina raɗa wa yara sunansa. Al'ada guda ta rage: kowace Babbar Sallah a cika akushinsa da tuwo da nama, a rufe da faifai, a ajiye gefe. Bayan la'asar a juye a wani kwano a yi sadaka. Hannun kowa ba ya shiga cikinsa.

Wanda ya fi kowa shekaru a gida ke riƙe akushin. Saboda haka da na yi ritaya daga shugabancin makaranta, ɗana ya ɗauko ni zuwa gidansa a Al Wukair, kusa da Doha, na taho da shi naɗe cikin rawani. Kafin nan na ƙarar da ƙuruciyata a kan neman mutumin. Na karanta abin da ya samu, na taka har Gwanja, na tsaya a ɗakunan da ake tsare bayi a bakin teku. Ban samo kome ba.

Ƙanena ɗan kasuwar atamfa ne, bai taɓa buɗe littafin tarihi ba. Ciwon gwiwa ya kawo shi Doha, ya sauka wurin 'yarsa ma'aikaciyar jinya a unguwar Bin Mahmud. Ana gobe Sallah ya kira ni.

"Yaya, na samo mana ɗan'uwa."

Na ce, "A wace kasuwa?"

"A asibiti. Shi ke murɗa mini gwiwa. A ƙara tuwo."

Ranar Sallah suka iso gidanmu tare. Baƙon mai gashin ƙashi ne, mutumin Bahia ta ƙasar Brazil, dogo, mai natsuwa. Ya ce kakarsa ta gaya masa kakansu na farko yana sa fararen kaya ran Juma'a, yana duban gabas yana motsa baki, kuma gwajin jini ya nuna masa ƙasar Hausa. Amma ni mutum ne da aka horar a kan hujja. Na gyara zama na tambaye shi da Turancin da ba na jin kunyarsa a gaban kowa: mene ne sunan kakan? Daga wace tasha aka ɗauke shi? Yana da tsaga a fuska?

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Waɗanda suka saye shi ba su bar mana ko sunansa ba."

Ina shirin tambaya ta gaba, sai ƙanena ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ɗauko akushin, ya ɗage faifan, ya dire shi gaban baƙon.

"Yalla, bismilla, ci. Tuwonka ya daɗe da hucewa."

Na ce, "Kai! Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Haba Yaya, khalas, ya isa haka. Tun kaka da kakanni muna dafa wa mutum abinci, yau ya zo ka tsare shi da jarrabawa?"

"Ba mu da hujja."

"Shi ma ba shi da ita. Kun yi daidai."

Ɗana ya fassara wa baƙon labarin akushin. Mutumin ya daɗe yana kallon tuwon, sannan ya wanke hannu ya sa a ciki, yana ci hawaye na sauka a gemunsa. Da ya gama ya tashi ya rungume ƙanena, ya kira shi Baba. Ni kuma ya miƙo mini hannu cikin ladabi, yadda ɗalibi ke gaida shugaban makaranta.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai, kuma har yau yana ci. Ni na yi yawon, ni na yi karatun, ni na yi dakon akushin, amma wanda bai san inda Bahia take ba shi aka runguma. Ina ji ana cewa duk Juma'a suna tare a Bin Mahmud, ɗaya ba Hausa, ɗaya ba Turancin kirki, suna ta dariya. Ba a cika gayyata ta ba.

Har gobe ban ce jininmu ne ba, domin dubbai aka kwasa. Abin da na koya shi ne, cinikin nan ba mutane kawai ya sace mana ba, ya haɗa da hanyar da za mu gane juna. Wanda ya ce sai ya ga hujja kafin ya karɓi nasa, wani zai riga shi.

Amma tunda ƙanena ya fara ba da labarin a Kano kamar shi kaɗai ne a wurin, ina so a rubuta daidai: goma ga Zulhajji, shekarar da ta biyo bayan gasar ƙwallon duniya ta Doha, a kan tabarmata, ba tasa ba.